Takwas Aka Nema, Shida Suka Shiga Tanki: Sayen Kifin Sterbai Tsakanin Shago da Intanet

Mutumin da wannan nazari ya shafa yana da tankin gilashi mai cin lita 110, tsawonsa santimita 80, wanda ya yi wata huɗu yana aiki. Injin tace ruwa ya kama, gwajin amoniya da naitirait, gubobin da ke samuwa daga ƙazantar kifi, duka sifili yake nunawa, ƙananan kifayen tetra goma sha biyu kuma suna ta shawaginsu a tsakiyar ruwa. Ƙasan tankin ne babu kowa, sai yashi mai laushi da itace guda. Yana son ya zuba ƙananan kifayen nan dangin tarwaɗa masu neman abinci a ƙasan ruwa, waɗanda ake kira Corydoras, masu kiwon kifi kuma suke taƙaita sunan su ce kori. Ya tambaye ni abu ɗaya: ya saya a shagon kifin ado da ke kusa da shi, ko ya yi oda ta intanet?

Kafin a zo kan wannan sai da muka tsaya kan wane kori, domin ruwan tankinsa ba ya sauka ƙasa da digiri 27, wani lokacin ma har 28, kuma ba shi da na'urar sanyaya ruwa. Wannan kaɗai ya fitar da yawancin waɗanda ake gani a shaguna. Korin da ake kira panda, mai baƙin tabo a ido, ɗan ƙoramun Peru ne da ke gangarowa daga tsaunuka, ya fi jin daɗi tsakanin digiri 20 zuwa 25. Paleatus daga kudancin Brazil da Yurugwai da Ajantina yake, shi ma ruwa mai sanyi-sanyi yake so. In aka ajiye su a 28 ba nan take za su mutu ba, amma ramewa za su riƙa yi, kwanansu ya gajarta. Wanda aka sani da jure ɗumi shi ne sterbai, ɗan kogin Guaporé da ke iyakar Brazil da Bolibiya, wanda Joachim Knaack ya bayyana wa masana a 1962. Girmansa bai wuce santimita 6 da 'yan kai ba, kansa baƙi-baƙi da fararen ɗigo, fiffikensa na ƙirji ruwan lemo. Kuma kori ba ya zaman kaɗaici. Ƙasa da shida, ɓuya za su yi ta yi. Muka tsayar da takwas.

Abin da ya tarar a shago

Shagon yana da kori, amma ba yadda ake so ba. Tanki guda cike yake da wasu da aka rubuta wa julii. Da ya turo mini hotonsu na ga zanen kansu layi-layi ne masu haɗewa kamar raga, wato trilineatus ne. Wannan ba ha'incin mai shago ba ne, kusan duk abin da ake sayarwa da sunan julii a duniya trilineatus ne. Julii na ainihi daga arewa maso gabashin Brazil yake fitowa, ɗigon kansa a rarrabe, kuma da wuya ya shigo kasuwa. Sunan da ɗan sari ya rubuta a takarda shi mai shago yake kwafewa ya manna a gilashi.

Sai wani tanki na 'yan ƙananan pleco, wani dangin tarwaɗa mai manne bakinsa a gilashi yana cin gansakuka, kowanne bai fi yatsa ba. Mai shagon ya ce masa, "Malam, ga mai share tanki, wannan ai shi kuke buƙata, ba ku ba goge gilashi." Irin wannan pleco na gama-gari yana kai santimita 30 zuwa 50, yana zubar da kashi fiye da abin da yake sharewa, kuma mutanen da ya fi ƙarfin tankinsu suna sakinsa a rafi shi ya sa ya zame annoba a Fulorida da Meksiko da kogin Marikina na Filifin. An wuce wannan da sauri.

Sterbai uku kacal ne a shagon, a wani tanki na ƙasa. A nan amfanin shago ya fito fili, domin gani ya kori ji. Ya durƙusa ya dube su sosai. Gashin bakinsu dogo ne, cikakke; kori da ya zauna a kan tsakuwa mai kaifi ko ƙasa mai ƙazanta gashin bakinsa cinyewa yake yi, ya bar dungu. Cikinsu bai lotsa ba. Numfashinsu ba na haki ba ne. Sukan yi wuf su haura saman ruwa su haɗiyi iska su dawo, wanda ɗabi'arsu ce, domin hanjinsu yana iya tsotsar oksijin daga iskar da suka haɗiya. In dai ba kowane daƙiƙa suke yi ba, babu damuwa. Ya roƙi a jefa musu abinci a gabansa, biyu suka ci, ɗaya ya tsaya gefe.

Sannan ya yi tambayar da na fi matsa masa a kanta: yaushe suka iso? Mai shago bai ɓoye ba, ya ce shekaranjiya. Ya kuma lura cewa duk tankunan layin bututu ɗaya ke ba su ruwa, ma'ana injin tacewa guda ne ke zagaya ruwan duka. Abin da ke damun kifin tanki na farko, gobe yana tanki na goma.

Kuɗin kowane ɗaya a shagon ya fi na intanet nesa ba kusa ba. Mai shago ya ce zai iya sa sauran biyar a odarsa ta gaba, amma ba zai yi alkawarin rana ba, kuma ba shi da tabbacin ɗan sari zai turo sterbai ɗin ko wani mai kama da shi.

Abin da ya tarar a intanet

Masu sayarwa iri biyu ya ci karo da su, kuma bambancinsu ya fi bambancin shago da intanet girma. Na farko babban shafi ne mai jerin ɗaruruwan kifaye, hotunan duka masu kyau, irin waɗanda za ka gani a shafuka goma daban-daban. Da ya nemi hoton kifin da za a aiko masa, aka ce ba a yin haka. Wannan cinikin biri a sama ne, aka bar shi.

Na biyu mutum ne da ke hayayyafa kori a gidansa. Ya lissafa kifin da suna biyu, Corydoras sterbai da Hoplisoma sterbai, abin da ya fara rikita mai tankin har ya ɗauka kifi biyu ne. Ɗaya ne: a 2024 masana sun sake rarraba dangin, aka mayar da sterbai da panda ƙarƙashin Hoplisoma, kasuwa kuma har yanzu tsohon sunan ta fi riƙewa. Mai kiwon ya turo bidiyo da takarda mai kwanan watan ranar a jikin gilashi, ya faɗi watannin kifin, ya faɗi zafin ruwansa da ma'aunin pH ɗinsa, wato awon tsamin ruwa, waɗanda suka yi kusa da na mai tankin. A bidiyon ana ganin fararen ɗigo a kan baƙin kai, wanda ya raba sterbai da haraldschultzi, mai baƙaƙen ɗigo a kan farin kai da ɗan dogon baki.

Kuɗin aikawa na kwali ne, ba na kifi ba. Kifi biyu ko uku, kuɗin kwalin ya cinye duk rangwamen har ya wuce. Kifi takwas, intanet ta fi sauƙi ko an haɗa da kuɗin kawowa. Sharaɗin mai kiwon kuwa irin wanda aka saba ne: in kifi ya iso a mace, a ɗauki hotonsa cikin leda ba a buɗe ba, cikin awa biyu da isowar kaya, a mayar da kuɗin wannan kifin. Kuɗin aikawa ba ya dawowa. Wanda ya mutu bayan an buɗe leda, na mai saye ne.

Inda maganar take

Mutane sukan ɗauka kifin shago bai yi tafiya ba, na intanet ne matafiyi. Ba haka ba ne. Yawancin kori na shaguna daga gonakin kifi na Indonesiya ko Singafo ko Tailan ko Fulorida suke, na daji kuma ta Manaus a Brazil ko Iquitos a Peru suke fitowa. Sun shiga leda, sun hau jirgi, sun sauka wurin ɗan sari, sun sake shiga leda. Kifin mai kiwon nan na gida tafiya ɗaya kawai zai yi a rayuwarsa.

Kifin da tafiya ta jigata ba lallai ya mutu a hanya ba. Da yawa sai cikin mako na farko ko na biyu suke faɗuwa, lokacin da gajiya ta karya garkuwar jikinsu, cutar da suka zo da ita ta bayyana. Saboda haka ainihin abin da ake ciniki a kai shi ne: a tankin wa waɗannan makonni biyu za su wuce, kuma wa zai ɗauki asarar? Ƙarin kuɗin da shago ke ɗorawa, a ganina, kuɗin wannan ne. Mai shago ya karɓi kifin, ya ci asarar raunanan, ya bar maka waɗanda suka tsallake. Amma wannan yana tabbata ne kawai in kifin ya zauna a shagon. Kifin da ya iso shekaranjiya, ka biya kuɗin shago ne ka kwashi haɗarin intanet.

A ɓangaren intanet kuma, kori yana da nasa matsalolin leda da sauran kifaye ba su da su. Na farko ƙaya: yana da ƙashi mai tsini a fiffiken baya da na ƙirji, in ya tsorata yakan miƙe su ya kulle, su huda leda. Dole a ninka ledar, a naɗe kusurwoyinta don kada kifi ya cusa kai ya maƙale. Na biyu iska: akwai wata leda da ake cikawa da ruwa taf, iska na ratsa jikinta, ba ta dace da kifin da ke hawa sama ya haɗiyi iska ba. Na uku shi ne mafi muni. Kori in ya firgita yakan saki wani dafi daga jikinsa, wanda a kogi yake korar mai farautarsa ruwa ya tafi da shi, amma a cikin leda babu inda zai je. Ruwan ya yi kumfa ko ya gurɓace, kifin ya kashe kansa da 'yan'uwansa cikin ɗan lokaci. Sterbai na cikin waɗanda suka yi suna da wannan. Masu kiwo da suka san aikinsu sukan fara zuba kifin a bokiti su ɗan tayar musu da hankali su zubar da dafin, su canza ruwa, sannan su ɗaure su kaɗan-kaɗan a leda, wasu har da ɗan gawayin tace ruwa a ciki. Sukan kuma hana su abinci kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya don rage ƙazanta. Da mai tankin ya tambayi mai kiwon yadda yake ɗaure sterbai, shi da kansa ya kawo maganar dafin kafin a ambata masa. Wannan amsar ta fi duk yabon da masu saye suka rubuta a shafinsa nauyi a wurina.

Dafin nan bai san shago ko intanet ba, ko tafiyar minti ashirin daga shago zuwa gida ya ishe shi.

Abin da ya yanke

Shawarata ita ce ya ɗauki takwas ɗin duka daga mai kiwo: tushe ɗaya, killacewa ɗaya, wato ware sababbin kifi a wani tanki na ɗan lokaci don a ga ko suna da cuta. Bai bi ba. Ukun shagon sun riga sun shiga ransa, kuma yana son ya riƙe hulɗa da mai shagon, wanda a wurinsa yake sayen abinci da magani, kuma shi yake gwada masa ruwa in abu ya rikice. Wannan dalili ne mai ƙarfi. Mai sayarwa ta intanet ba zai karɓi kifin da ya fi ƙarfin tankinka ba, ba kuma zai ba ka aron hita da daddare ba.

Sai ya raba. Ya ba mai shago kafin alƙalami a kan ukun, da sharaɗin a riƙe su mako biyu, in wani ya mutu kafin nan ba nasa ba ne. Mai shago ya ɗan yi jim, ya ce, "To Malam, na yarda, amma in kun wuce mako biyu ba ku zo ba zan sayar." Ya kuma yi odar biyar daga mai kiwo, ya zaɓi a aiko a farkon mako don kada kwalin ya kwana a ɗakin ajiya ranakun hutu, ya tabbatar yana gida ranar. Ya haɗa ƙaramin tankin killacewa na lita 40, da soson tacewa da ya riga ya yi makonni a cikin babban tanki don ya zo da ƙwayoyin bakteriyarsa masu cinye amoniya, da gutsuren bututu na ɓuya.

Yadda ta kaya

Kamfanin kai kaya ya makara da kwana guda. Kwalin ya iso da rufin soso a ciki, leda uku, kifi biyu-biyu. Mai kiwon ya ƙara ɗaya kyauta, kamar yadda da yawansu ke yi. Leda biyu ruwansu garau. Ta uku ta yi kumfa, ɗaya a kife, ɗayan yana numfashi da ƙyar.

Ya ɗauki hoton ledar a rufe, sannan ya buɗe ta nan take ya sa mai ran a ruwa mai tsabta, bai jira komai ba. Sauran leda biyun ya bar su a rufe suna yawo a saman tankin killacewa kamar minti ashirin don zafin ruwa ya daidaita, ya buɗe, ya juye kifin a ƙaramin kwano, ya tsiyaye ruwan ledar ya zubar, ya saki kifin. Bai yi amfani da raga ba saboda ƙayarsu na sarƙewa a ciki.

Saurin nan yana da dalili, kuma nan ne inda kifin intanet da na shago suke buƙatar hannu daban. A ledar da ta kwana biyu a rufe, iskar kabon da kifi ke fitarwa ta taru ta sa ruwan ya yi tsami, ma'aunin pH ya sauka. A ruwa mai tsami, amoniyar da ta taru tana zama ne a siffarta marar dafi sosai. Da zarar an buɗe leda iskar kabon ta fice, pH ya tashi, amoniyar nan ta rikiɗe ta koma mai ƙona mashaƙar kifi. Wanda ya buɗe irin wannan leda ya tsaya yana ɗiga mata ruwan tanki na awa guda, kamar yadda ake yi wa kifin da aka ɗauko daga shago yanzu-yanzu, yana iya kashe kifin da suka iso lafiya.

Mai kiwon ya mayar da kuɗin kifi ɗaya a ranar, duk da cewa shida ya aiko a kan biyar. Ɗayan kifin ledar mai kumfa bai farfaɗo ba, ya mutu a rana ta uku, kuma wannan sharaɗi bai rufe shi ba. Huɗu suka rage, suka fara cin abinci tun daren farko.

A shago kuwa, cikin makon farko cutar farin ɗigo ta ɓulla a layin tankunan nan masu ruwa ɗaya. Sterbai ɗin da ya ƙi cin abinci ranar farko shi ya fara tafiya, a tankin mai shago, a kan asarar mai shago. Mai shagon ya yi magani da rabin awo, domin dangin tarwaɗa ba su jure wasu magungunan wannan cuta kamar sauran kifi, musamman masu sinadarin tagulla, haka ma gishiri mai yawa. Mako biyu ya zama uku da 'yan kwanaki. Da a ce ranar farko ya kwaso ukun ya juye a babban tanki, da tetra goma sha biyun nan ne za su karɓi cutar, kuma tetra ba su da wuyar kamuwa da ita.

Nan kuma tsadar rabawar ta fito. Lokacin da biyun shago suka shirya, huɗun intanet sun kusa gama killacewarsu. In aka haɗa su, an mayar da agogo baya ga kowa. Ya mayar da huɗun babban tanki, ya sa biyun a ƙaramin na tsawon mako huɗu su kaɗai, kifi biyu masu son taro suna zaune a lungu. Daga ranar da ya fara shiga shago zuwa ranar da shida suka haɗu a yashi ɗaya, an yi kusan wata biyu. In aka lissafa kuɗin kwali da kifin da ya mutu ba diyya, kowane mai rai daga intanet ya tashi kusan daidai da na shago. Rangwamen da ya ja shi tun farko ya narke.

Har yanzu ina ganin da tushe ɗaya ya ɗauka da ya huta, amma ba zan ce ya yi kuskure ba. Yarjejeniyar riƙe kifi ita ta tsare masa tanki, kuma a shago kawai ake samun irinta.

Da wani kifin ne

Wannan lissafi na sterbai ne, kuma yana juyawa in kifin ya canza. Da Otocinclus yake nema, 'yan mitsitsin masu cin gansakuka, da ban bar shi ya yi oda ba. Kusan dukansu daga daji ake kamo su, suna isowa da yunwa, kuma wanda cikinsa ya riga ya lotsa sau da yawa ba ya dawowa ko an cika masa abinci. Wannan kifi sai ka ga cikinsa da idonka ya yi tumbur, a shagon da ya riƙe shi makonni.

Da kuma pleco mai zanen jakin dawa ne, Hypancistrus zebra na kogin Xingu, wanda 'yan kasuwa ke kira L046 bisa tsarin lambobin da mujallar DATZ ta Jamus ta fara a 1988, da shago ma bai shigo maganar ba. Brazil ta hana fitar da shi tun 2004, madatsar Belo Monte ta taɓa mazauninsa, yana kuma cikin jerin yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin dabbobin da ke cikin haɗari. Irin wannan sai wurin mai kiwo da zai nuna maka iyayen kifin a tankinsa, kuma in za a ƙetare iyakar ƙasa da shi sai da takardu.

Mai tankin yana son cike gurbin biyun da suka rage. Kifi biyu ba su kai a biya musu kuɗin kwali ba, don haka ya koma wurin mai shago ya sa su a odarsa ta gaba, da sharaɗi biyu: zai duba ɗigon kansu da kansa kafin ya ba da kafin alƙalami, kuma a ajiye su a tankin da ba ya kan bututun nan na haɗaka. Mai shagon yana da irin wannan tanki guda ɗaya a bayan kanta, ya ce zai ware masa shi.